Takardar asalin da ta kai 1066: yadda ake rarrabe tsaba da tsakuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, matata Baturiya ce 'yar ƙasar. Da surukina ya rasu, an tarar a kayansa da wata doguwar takarda mai jerin kakanni har zuwa shekarar 1066, da wani tambari mai siffar garkuwa a cikin firam. A danginsu ana cewa su jinin wasu masu gandu ne na zamanin da. Yara sun fara tambayata, ni kuwa ba na son in gaya musu abin da ban tabbatar ba. Ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A isar min da ta'aziyya wurin uwargida, Allah ya ba ta haƙuri.

Tambayarka biyu ce a dunƙule, bari in raba maka su. Ta farko, shin akwai jinin masu gandu na zamanin da a jikin matarka? Wannan kusan ba sai an bincika ba. Ɗauki alƙalami ka yi ta ninkawa: iyaye 2, kakanni 4, iyayensu 8, haka har hawa 24, wanda zai kai ka wajen shekarar 1300. Za ka samu gurbin kakanni fiye da miliyan 16. Ingila kuwa gaba ɗayanta a lokacin mutanenta tsakanin miliyan 4 ne zuwa 6, sannan annobar 1348 da 1349 ta zo ta kwashe sulusinsu ko fiye. Ka ga ke nan mutum guda yana cike gurbi barkatai, kuma duk wanda ya rayu a lokacin ya bar zuriyar da ta ɗore, barde ne ko bawan gandu, da wuya a rasa shi a cikin kakannin Baturen Ingila na yau. Direban bas ɗin unguwarku ma haka yake.

Ta biyu ita ce mai aiki: shin matarka ta fito daga wancan gida ta hanyar waɗannan mutane da aka jera, ɗa bayan uba? Takardar da ta kai 1066, shekarar da Normandawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, ba tare da ta faɗi inda aka samo kowane suna ba, ni da idon zargi nake fara kallonta.

Ka fara sanin su wane ne ake nufi. A wancan zamanin, a ƙarƙashin sarkin Ingila akwai masu sarautar Lod, su 'yan ƙalilan ne. A ƙasa da su akwai wani rukuni mai yawa da Turawa ke kira jantiri, ni kuwa nake kira masu gandu: barade masu laƙabin Sa, irin wanda aka ba Sa Ahmadu Bello, sai iskwaya, sai jantilman. Ba sa riƙe fartanya, kuɗin hayar gona suke ci, su ne alƙalan karkara, su ake tura wa majalisa daga lardi. Wata doka ta 1413 ta wajabta rubuta matsayin wanda ake ƙara ko sana'arsa a wasu takardun kotu, shi ya sa daga ƙarni na 15 kake yawan ganin waɗannan laƙabai manne da sunaye. Abin da ya sa ake iya bin asalinsu, ba a iya bin na talaka, ƙasa ce. Inda akwai gona akwai gādo, inda akwai gādo akwai rigima, rigima kuwa ita ke barin takarda. Ba don tarihi aka rubuta sunayensu ba, don haraji da shari'a ne.

Hanyar aikin ba baƙuwa ba ce a wurinka in ka taɓa zama gaban malamin hadisi. Isnadi ne: wane daga wane daga wane. Mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, sarƙa ta yanke, kome kyawun sunayen da ke sama. Saboda haka kife takardar surukinka tukuna, ka fara daga matarka ka yi baya. Kada ka yarda ka fara daga barden da ke can sama kana gangarowa, don mai yin haka duk wanda ya tarar da suna iri ɗaya sai ya rungume shi.

Hawa biyar ko shida na farko ba su da wuya. Tun 1 ga Yuli 1837 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales, kuma takardar aure tana ɗauke da sunan uban ango da na amarya da sana'arsu. Ƙidayar jama'a mai sunaye ta fara daga 1841, ta 1851 ta ƙara da garin haihuwa da dangantakar kowa da maigida, an kuma saki har ta 1921. Da waɗannan, a 'yan makonni za ka kai wajen 1800 kana zaune a falonka.

Daga nan sai rajistar coci. A watan Satumba na 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, ya umarci kowane cocin ƙauye ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Kada wannan shekarar ta ruɗe ka. Da aka ce a ƙarshen ƙarnin a kwafe tsofaffin takardu a kan fata, da yawa daga 1558 suka faro, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta 1 ta hau gado, na baya suka salwanta. Wasu ɓera ya ci, wasu damshi, sannan yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642 ya bar giɓi a littattafai da dama. Wanda ya tsira ma sau da yawa abin da ke ciki bai wuce "John ɗan Thomas, an yi masa baftisma ranar kaza" ba. Babu sunan uwa. A ƙauyen kuwa Thomas uku ne masu sunan gida ɗaya, kowanne da John ɗinsa.

To nan ne ramin, tsakanin 1550 da 1750. Mutane suna zaton zamanin barade ne mai wuya. A'a, gidan masu gandu a 1400 ya fi manomi a 1680 sauƙin bi. Wahalar ita ce gadar da za ta haɗa su, wato mutum guda wanda takarda ta nuna ɗan gidan gandu ne, wata takardar kuma ta nuna shi ne kakan talakawan da ka biyo.

Bari in ba ka labarin gidan Washington, don ban san misalin da ya fi shi ba. Wajen 1180 wani William na Hertburn ya yi musayar ƙasa da bishop na Durham, ya karɓi wani gandu mai suna Wessyngton, kundin filayen bishop ɗin na 1183 ya ambace shi. Sai ya ajiye sunan Hertburn ya koma William na Wessyngton. Lura da wannan, sunan gari ne ya zama sunan mutum. Babban reshen gidan ya ƙare da 'ya mace wajen 1400, gandun ya bi ta gidan miji. Ƙaramin reshe ne, wanda ya koma Warton a lardin Lancashire ta hanyar aure, ya riƙe sunan. Daga cikinsu Lawrence Washington ya tafi Northampton ya yi arziki da fataucin ulu, ya zama magajin gari a 1532, sannan a 1539 ya sayi gandun Sulgrave daga hannun sarki bayan an rushe gidajen 'yan zuhudun Kirista an ƙwace filayensu.

A 1791 shugaban jami'an tambari na Ingila, Sa Isaac Heard, ya rubuta wa George Washington, yana shugaban Amurka, yana tambayar asalinsa. Amsar da ya bayar a Mayun 1792 ita ce shi bai taɓa ba wannan batu muhimmanci sosai ba, ya dai ji ana cewa daga wani lardi na arewacin Ingila suka fito. An san 'yan'uwa biyu, John da Lawrence, su suka ƙaura Virginia a shekarun 1650, daga John ɗin kuma George ya fito. Aka duba jerin gidan Sulgrave, sai ga John da Lawrence, wa da ƙane. Shi ke nan, aka ɗaura, aka buga a littattafai, aka yi ta kwafa shekara da shekaru. Sai a shekarun 1860 wani mai bincike Ba'amurke, Joseph Chester, ya nuna waɗannan biyun ba su taɓa ƙaura ba: John barde ne da ya zauna a Thrapston, Lawrence kuwa limamin coci ne a Purleigh cikin lardin Essex. Sarƙa ta tsinke. Aka zauna haka har 1889, lokacin da Henry Waters ya fito da abin da ya tono, ciki har da wasiyyar wani mutumin Tring, Andrew Knowling, mijin uwar matar limamin nan. Ashe masu ƙaurar 'ya'yan limamin ne. Majalisa ta kore shi daga cocinsa a 1643 bisa zargin goyon bayan sarki a yaƙin basasa da zaman mashaya, gida ya talauce, yara suka nemi teku.

Duba da kyau. Gidan daidai ne, sunayen daidai ne, amma an tsallake hawa guda, kuma sai da aka yi kusan shekara 100 kafin a gyara, alhali asalin shugaban Amurka ake nema, da kuɗi da masana. Kama da wane ba ta wane. George kansa bai haihu ba, don haka duk wanda ya ce maka shi jikansa ne ka san inda za ka ajiye maganar. Ƙidayar Amurka ta 2000 ma ta nuna kusan kashi 90 cikin 100 na masu sunan Washington baƙaƙen fata ne, da yawa kakanninsu sun ɗauki sunan ne bayan 'yanci daga bauta. Suna shi kaɗai ba hujja ba ne ko a Ingila: mutum goma da suka baro gari ɗaya za a iya kiransu da sunan garin, kamar yadda ba duk mai amsa Gusau ko Kazaure ne ɗan sarki ba.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Na yi wata huɗu ina gina asalin wani gida a kan wani yaro da aka yi wa baftisma a ƙarni na 17, suna ya yi daidai, shekaru sun yi daidai, ƙauyen ma tafiyar sa'a guda ce daga inda nake nema. Ran nan na ce bari in leƙa ɓangaren jana'iza na littafin, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Sai ga shi an binne shi bai cika shekara ba. Tun daga ranar, duk yaron da na samu haihuwarsa sai na fara neman kabarinsa kafin in nemi aurensa.

Abin da ke gina gadar nan galibi wasiyya ce. Rajistar coci suna take ba ka, wasiyya kuwa dangantaka take ba ka: "ɗana Richard da ke koyon sana'a a Landan", "'yata Anne matar wane", "gonata da ke wuri kaza wadda na gada daga kawuna". Kafin 1858 kotunan coci ke tabbatar da wasiyya. Mafi girmansu ta Canterbury ce, kwafinta daga 1384 zuwa 1858 suna Gidan Adana Takardun Ƙasa da ke Kew a Landan, a jerin da ake kira PROB 11, ana kuma sauke su ta intanet. Na arewa suna cibiyar Borthwick a York, na ƙananan kotuna suna ofisoshin adana takardu na larduna. Kada ka tsaya kan wasiyyar kakan da kake nema. Karanta ta gwaurayen gidan, da gwaggon da ba ta haihu ba, da zawarawa. Wanda ba shi da ɗa shi ke jera 'ya'yan 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin na wane ne. Ka ga wasiyyar da ta warware ta Washington ma ba ta ɗan gidan ba ce.

Za ka ce yaya jinin mai gandu zai gangaro har gidan leburan masaƙa? Dokar gādonsu ce. A wurinsu a wancan zamanin ƙasa ba a raba ta kamar yadda muke rabon gādo, babban ɗa namiji ke ɗauke ta duka. Sai in babu namiji ne 'ya'ya mata ke rabawa daidai. Ƙanne kuwa a ba su ɗan abin hannu, wannan ya tafi koyon kasuwanci, wancan coci, wancan soja. Ɗan ƙaramin ɗa ya zama babban manomi, jikansa ƙaramin manomi, tattaɓa kunnensa ɗan ƙodago. Hawa huɗu sun isa.

Mata kuma su ne ƙofar da aka fi shiga. Gidan Paston na lardin Norfolk sun bar wasiƙu da takardu fiye da 1,000 na ƙarni na 15, shi ya sa muka san cikin gidansu kamar muna maƙwabta. A 1469 'yarsu Margery ta ɗaura alkawarin aure a ɓoye da Richard Calle, sarkin gandunsu, wanda danginsa 'yan tireda ne. Gida ya ɗauki zafi. Wanta ya rubuta cewa ba da yardarsa za a kai ƙanwarsa ta sayar da kyandir da mustad a Framlingham ba. Uwar ta rufe mata ƙofa. Amma bishop ya bincika ya ce aure ya ɗauru, kuma da uwar, Margaret, ta zo yin wasiyya, sai ta bar wa John Calle, ɗan Margery, fam 20. Layi guda ke nan a takarda, amma shi ne irin abin da kake nema: jika mai sunan 'yan tireda, kaka mai gandu ta kira shi nata. Su Paston masu sunan kuwa sun hau har suka zama Lod na Yarmouth, reshen ya ƙare a 1732 ba magaji namiji.

In Allah ya sa ka haye gadar, abu na farko da za ka tarar shi ne littattafan rangadin jami'an tambari. Daga 1530 zuwa 1688 sarki kan tura su lardi-lardi, kamar sanƙira mai riƙe da rajista, su kira duk mai amfani da tambari ya kawo hujja ya kuma faɗi asalinsa. Wanda ya kasa, a yi shelar sunansa a bainar jama'a cewa ba jantilman ba ne. An buga da yawa daga cikinsu, musamman ta hannun ƙungiyar Harleian da aka kafa a 1869, kuma ina kyautata zaton saman takardar surukinka daga irinsu aka kwafo. Ka'idata a kansu ita ce: abin da mutum ya faɗa game da kansa da ubansa da kakansa, na karɓa sai in an samu saɓani. Abin da ya wuce nan, ji ne, sai na gani. Jami'an ma mutane ne masu karɓar lada. A 1616 ɗaya daga cikinsu, Ralph Brooke, ya shirya wa shugabansu William Segar gadar zare har ya tabbatar wa Gregory Brandon tambari, shi kuwa Brandon haunin birnin Landan ne. Sarki James ya jefa Brooke da Segar a kurkuku.

Ƙirƙirar asali ba yau aka fara ba, su masu gandun da kansu sun yi. Koma kan Paston. Wani maƙiyinsu ya rubuta cewa kakansu Clement manomi ne da ke bin garmarsa rani da damina, yana hawan doki ba sirdi da buhun hatsi a ƙarƙashinsa zuwa wurin niƙa, matarsa kuma baiwar gandu ce. Clement ya ci bashi ya sa ɗansa William a makaranta, William ya zama babban alƙali a 1429, ya auri magajiya, ya sayi gandaye. Da maƙiya suka taso da gorin bauta, jikokin suka kai wa Sarki Edward na 4 takardu, a 1466 ya amince cewa su 'yan asali ne tun zuwan Normandawa daga Faransa, daga wani Wulstan da ya ƙetaro. Masana a yau ba su yarda da wannan Wulstan ba. To in takardar da sarki ya amince da ita shekara 400 bayan 1066 haka take, ina ga wadda aka buga da tafireta a ƙarnin jiya?

Gidajen da za su iya nuna ɗa bayan uba har zuwa yaƙin Hastings na 1066, inda Normandawa suka yi nasara, ba su taka kara sun karya ba. Kundin Domesday na 1086, wato ƙidayar filayen Ingila da sarki ya sa aka yi, ya ba da sunayen masu riƙe da ƙasa, amma da yawa suna ɗaya ne tilo, Roger ko Hugh, kuma daga nan zuwa ƙarshen ƙarni na 12 takardu sun yi ƙaranci ƙwarai. Gidan masu gandu na tsaka-tsaki in an bi shi da hujja har 1250 ko 1200, an yi abin a yaba.

Hujjar zamanin kuwa tana da daɗin karatu. Wadda na fi so ita ce binciken bayan mutuwa, da Latin inquisitio post mortem, wanda aka yi ta yi daga ƙarni na 13 har tsakiyar na 17. Idan mai riƙe da ƙasa kai tsaye daga hannun sarki ya mutu, sai a aika wa jami'in sarki na lardin takardar umarni, ya tara mutanen yankin, galibi 12, ya rantsar da su: wace ƙasa mamacin ke riƙe da ita, daga hannun wa, nawa take kawowa a shekara, yaushe ya mutu, wane ne magajinsa, mene ne tsakaninsu, shekarunsa nawa? Sarki ba son zumunci ya sa shi tambaya ba. In magajin bai kai 21 ba, sarki ke cin amfanin gandun har ya girma, yana ma iya sayar da ikon aurar da shi. Ranar da yaron ya ce ya kai, sai a sake tara dattawa su ba da shaidar shekarunsa, kowa da dalilinsa: wannan ya ce ya tuna don ranar ya faɗo daga doki ya karye, wancan ya ce shi ya riƙe kyandir a wurin baftisma, wani ya ce a makon gidansa ya ƙone. Sak yadda tsofaffinmu ke cewa shekarar fari ko shekarar da aka naɗa wane. Sai dai masana sun lura karyewar ƙafar nan tana yawan maimaituwa daga lardi zuwa lardi, alamar magatakarda na da nasu ƙirar da suke cikewa. Sunan magaji da dangantakarsa dai su ne abin riƙewa.

Akwai kuma takardun cinikin ƙasa da ake yi a siffar sulhun kotu. Tun 1195 ake rubuta yarjejeniyar sau uku a kan fata guda, a yanka ta a karkace kamar haƙoran zarto, mai saye ya ɗauki ɗaya, mai sayarwa ɗaya, na ƙasan ya zauna a kotu. In rigima ta tashi sai a haɗa a ga ko bakin ya dace. Na kotun suna nan a Kew har zuwa 1833, kuma suna yawan ambaton sunan matar aure, abin da ke da wuyar samu a wani wuri. Sai kundayen ƙararraki, inda mai neman gona zai tsaya ya jero kakanninsa hawa biyar don ya nuna haƙƙinsa, abokin shari'arsa kuma ya jero nasa. A ɗakin karatun fensir kawai ake yarda da shi, za a ba ka matashin soso ka jingina kundin, da wani zare mai nauyi kamar carbi da ake danne fatar da shi don kada ta naɗe. Amma kada ka fara da can. Nemi tarihin gandun a jerin tarihin larduna na Victoria County History, wanda aka faro a 1899, da yawansa yana kyauta a shafin British History Online. Yana bin kowane gandu daga hannu zuwa hannu, yana faɗin takardar da ya dogara da ita. Bi gonar, za ta nuna maka mutanen.

Tarko biyu na harshe da kwanan wata. Kalmar Latin nepos tana nufin jika, tana kuma nufin ɗan ɗan'uwa. Kalmar da suke kiran suruki da ita a yau, a da tana iya nufin agola. Wadda ke nufin ɗan kawu ko ɗan gwaggo kuwa kowane dangi ana kiransa da ita. Kai Bahaushe wannan ba zai ba ka mamaki ba, tunda ƙanen uba ma baba ne a wurinmu, amma Turawan yau yana kayar da su. Sannan har 1752 sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take kamawa. George Washington an rubuta haihuwarsa 11 ga Fabrairu 1731, a lissafin yau kuwa 22 ga Fabrairu 1732 ce. Saboda haka in ka ga an yi aure a Afrilun 1620, an haifi ɗa a Fabrairun 1620, kada ka yi wa baiwar Allah ƙazafi, wata goma ne tsakani. Tsofaffin takardu kuma da shekarar sarauta suke lissafi, shekara ta kaza ta Sarki Edward na 3, sai ka juya da kanka.

Tambarin da ke cikin firam fa? A dokar Ingila babu tambarin sunan gida. Mutum guda ake ba, ya gangara ga zuriyarsa ta wajen maza. Shagunan da ke tambayar sunanka su buga maka garkuwa da zaki a kai, na wani suke sayar maka. Ciro shi daga firam ɗin ka duba baya. In ka ga sunan kanti da lambar oda, ka san amsar. In kuwa fata ce mai hatimai rataye da sa hannun jami'i, ko zobe ne ko cokalin azurfa tsoho mai tambarin, to wannan abin bi ne, kuma hukumar tambari ta College of Arms da ke Landan, wadda Sarki Richard na 3 ya ba takardar kafuwa a 1484, tana duba rajistarta a kan kuɗi.

Gwajin DNA zai taimaka a hawa biyar zuwa bakwai na kusa, bayan nan rabon kowane kaka ya narke. Wanda ke tafiya nesa shi ne na layin maza zalla, ko na mata zalla, kuma yana iya kawo abin da ba a nema ba. Da aka tono ƙasusuwan Richard na 3 a wani wurin ajiye motoci a Leicester a 2012, layin mata ta wajen yayarsa Anne ya dace, aka tabbatar shi ne. Layin maza kuwa, da aka gwada da zuriyar gidan Beaufort waɗanda a takarda kakansu ɗaya da shi, bai dace ba. Wani wuri a cikin ƙarnonin nan uban takarda ba shi ne uban jini ba. In za ku yi gwajin, ɗan'uwan uwargida namiji ko ɗan baffanta shi zai bayar, kuma a gaya masa wannan tun kafin ya tofa yawu a kwalba.

Yanzu ɗauko takardar ka buɗe ta. Sa yatsa a tsakanin 1600 da 1750, ka nemi wurin da gidan ya yi tsalle daga wani lardi zuwa wani, ko inda iskwaya ya haifi maƙeri ba bayani, ko inda uba ya haihu yana ɗan 12 ko yana ɗan 80. Turo min sunaye ukun da ke wurin, na sama da na tsakiya da na ƙasa, da garuruwansu, tare da takardar auren kakan uwargida in tana hannu. Daga nan zan gaya maka wace kotu ce ta riƙe wasiyyoyin yankin, da ofishin lardin da za ka rubuta wa.